Takardu biyu, yaro ɗaya: shekarar farko ta wani ɗan Adar a jami'ar Yamai

Wata Alhamis bayan la'asar ɗan yayata ya yi sallama a gidana da ke unguwar Bukoki. Watansa huɗu ke nan a Yamai yana karatu, amma sau uku kacal ya ƙetaro gadar da ke tsakaninmu da jami'a ya gaishe mu. Na ga ya faɗa, sai dai kusan duk sabon ɗalibi yakan rame a shekarar farko, don haka ban kawo komai a raina ba. Aka kawo masa fura, ya riƙe ludayi yana juyawa cikin ƙwarya, bai kai baki ba. Da uwargida ta tashi ta ba mu wuri, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, an liƙa sunayen masu jarrabawa. Nawa ba ya ciki."

Na ce, "Wajen bugawa aka tsallake ka. Gobe ka kai katinka a gyara."

Ya ce, "Kawu, ba ni da kati."

Ashe wata huɗun nan yana zuwa aji, yana rubuta darasi, yana kwana a harabar jami'a, yana cin abincinta, alhali a littafinta shi ba ɗalibi ba ne.

Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, kuma ba zan ambaci sunansa ko na garinsu ba. Abin da ya sa nake son a karanta shi ne, tun bayan da abin ya same mu na ji irinsa a gidaje da dama, kuma kusan kullum biro, wato ofishin rajistar jami'a, iyaye suke fara zargi. Ni ma da shi na fara. Da na bi zaren zuwa tushensa, sai na tarar a gidanmu aka ƙulla shi.

Inda takardun suka rabu

A gida aka haife shi, a wani ƙauye na Adar, hannun ungozoma. Ranar bakwai aka yanka rago, liman ya raɗa suna, aka ci aka sha aka watse. Babu wanda ya tuna da zuwa a bayyana haihuwar a wurin masu rajista. A dokar Nijar akwai wa'adin da ake bayyana haihuwa. In ya wuce, sai dai alƙali ya yanke hukunci, da shaidu, a ba mutum takardar da za ta tsaya a madadin ta haihuwa. Yaran karkara da yawa irin wannan takarda suke riƙe da ita, kuma ba aibu ba ne.

Takardarsa ta farko direktan lakwal ne ya nema masa, shi da ƴan ajinsu, lokacin da za su wuce kwaleji. Ya aika aka tambayi iyaye shekarun yara. Mahaifinsa ya ce shekarar fara aka haife shi. Duk mutumin Adar ya san abin da ake nufi: fara ta sauka kan gonaki a daminar 2004, ruwa ma ya yi ƙaranci, yunwar kuma ta biyo baya a 2005, ta gigita jihohin Tawa da Maraɗi. A bakin manomi waɗannan biyun shekara ɗaya ce, tun daga saukar fara har zuwa sabon hatsi. A takardar boko kuwa shekara biyu ce. Mai rubutu na farko ya sa 2004.

Takardar ta zauna cikin akwatin ƙarfe a ɗakin mahaifinsa har wata damina ɗakin ya yi yoyo, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa. Ba a damu ba, domin kwafi yana cikin fayil ɗin makaranta, kuma a kansa aka yi masa birbe, shaidar gama kwaleji, a kansa aka yi masa bak, shaidar gama lise da ake shiga jami'a da ita. Ana nan, yaro yana lise a Tawa, sai alƙalai suka zo garin irin zuwan nan da suke yi ƙauye-ƙauye suna ba marasa takarda takardun haihuwa. Mahaifinsa ya ga dama ta samu, ya sa aka rubuta ƴaƴansa duka, har da wanda ba ya nan, tunda a saninsa tasa ta lalace. Ya sake cewa shekarar fara. Wannan karon aka sa 2005. Sunan uban ma aka rubuta shi da wasu haruffa daban.

Wanda ya taɓa duba takardun mutanenmu ya san wannan ciwo. Suna ɗaya ne a kunne, amma da rubutun Faransanci sai ka gan shi Mahamadou, Mahamane, Mamane ko Mohamed. Ka ga Aboubacar a nan, Boubacar a can. Issoufou yau, Youssouf gobe. Kowane mai alƙalami da yadda kunnensa ya jiyo masa. A gida kuwa babu mai gane bambancin, don babu mai kiran yaron da sunan takarda. Ɗan fari ne. Uwarsa ba ta taɓa furta sunansa ba tun da ta haife shi, laƙabi kowa yake kiransa da shi har ƙannensa.

Da ya ci bak a sashen D, na kimiyya, aka ce sai da takardar zama ɗan ƙasa. Ya tambayi mahaifinsa takardar haihuwa, aka miƙo masa ta biyun, ya kai gidan shari'a aka yi masa ta ɗan ƙasa a kanta. Daga ranar ya zama mutum biyu: mai shaidar bak haifaffen 2004, da ɗan ƙasa haifaffen 2005, iyayensu maza ma ba rubutu ɗaya ba.

Akwai rabona a ciki, kuma ba ƙarami ba. Daren da ya sauka daga motar Tawa, bayan ya sha tafiyar fiye da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ya miƙo mini ambulan ɗinsa da hannu biyu. Ni ne ɗan boko a danginmu, shekara da shekaru ina aikin takarda. Na ƙirga su, na ga sun cika, na ga an buga musu hatimi, na mayar masa. Ban jera su na karanta ba. Da na yi haka, da minti biyar ta ishe ni.

Hayin kogi

Akwai jami'a a Tawa tun 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani, kuma an fi saninta da shari'a, tattalin arziki da gudanarwa. Shi ilimin ƙasa da duwatsu yake so, sannan sunan jami'ar Yamai yana da nauyi a kunnen ɗan lise. Ita ce uwa. A 1971 aka kafa ta a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, a 1992 kuma aka sa mata sunan Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, masanin kimiyyar hasken rana wanda ya taɓa shugabantar ta. Likitoci, alƙalai da malaman ƙasar nan masu yawa nan suka fito. Ranar da aka ji zai tafi can, mahaifinsa har sadaka ya yi.

Na so ya zauna a gidana. Ya ce nisa, ya ce kuɗin taksi kullum, ya ce darasi da sassafe ake farawa kuma wanda ya makara ba ya samun wurin zama a anfi, babban zauren darasi. Duk gaskiya ne. Jami'a tana hayin kogi, wajen Harobanda, mu kuma muna wannan gefe. Sai ya koma ambasad.

Ga wanda bai san harabar ba: ɗakunan kwana ba sa isar ɗalibai, don haka ƴan gari ɗaya ko yanki ɗaya sukan kafa wurin zamansu, su sa masa suna ambasad ɗin gari kaza. Nan sabon zuwa yake ajiye jakarsa, nan ake shimfiɗa masa tabarma, nan ake dafa shayi, nan yayye suke nuna masa inda anfi yake, inda resto, gidan abincin ɗalibai, yake, wane malami ba ya son a shigo bayansa, wane darasi ne yake kayar da mutane. Ba zan yarda a zagi wannan tsari a gabana ba. Yaron talaka da ya zo daga Abalak ko Keita ko Buza bai san kowa a Yamai ba, ambasad ce uwarsa da ubansa. Ɗan yayata bai kwana da yunwa ba ko sau ɗaya, kuma ba ni na ciyar da shi ba.

Maganar yayye tana da ƙarfi a harabar, kuma ƙarfin yana da tarihi. Ƙungiyar ɗalibai ta USN ta girmi jami'ar kanta, tun 1960 take. Gadar Kennedy da yaron yake gani kullum, wadda aka buɗe a 1970, a kanta aka harbe ɗalibai uku ranar 9 ga Fabrairun 1990, zamanin Janar Ali Saibou, kuma jinin nan yana cikin abin da ya kai ƙasar ga Babban Taron Ƙasa na 1991. Duk shekara ana tunawa da su. Sabon ɗalibi yana jin wannan labari tun makonsa na farko, yana jin ana kiran juna kamarad, yana ganin cewa abin da ɗalibai suka samu na abinci da mota da burs, kuɗin karatun da gwamnati take bayarwa, ba a tabarma aka miƙo musu shi ba. To yaron da aka tarbe shi haka, in babban yaya ya faɗa masa magana, ba zai auna ta da ta wani ba.

Ranar rajista ya bi layi tun safe. Da ya iso taga, matar da ke karɓar takardu ta jera su gabanta, abin da ni ban yi ba. Nan take ta gani. Ta ce masa, "Ɗana, wannan da wannan ba mutum ɗaya ba ne. Ka koma inda aka yi su a daidaita, ka dawo kafin a rufe." Ta ɗauki ƴar takarda ta rubuta abin da ya saɓa, ta sa kwanan wata, ta buga hatimi, ta miƙa masa. Ta kira na bayansa.

Na daɗe ina juya wannan a raina, ban ga inda ta kasa ba. Shaidar digiri da za a ba shi bayan shekara uku da sunan da ke cikin rajista za a buga ta. In aka bar saɓanin ya wuce, zai bi shi zuwa neman aiki, zuwa fasfo, zuwa gasar shiga aikin gwamnati, har ranar fansho. Kuma tagar da take barin mai shekarar haihuwa biyu ya wuce, ita ce tagar da wani zai shigo da bak ɗin ɗan'uwansa.

Da yamma ya nuna wa wani babban yaya a ambasad takardar. Yayan ya duba, ya ce, "Kamarad, kwantar da hankalinka. Rabin mutanen nan haka takardunsu suke. Ka ci gaba da zuwa aji, in lokaci ya yi za a zauna da su a kan irinku duka." Ba mugunta ya yi masa ba. Ya taɓa ganin an tsawaita wa'adin rajista bayan wakilan ɗalibai sun shiga magana, sai ya ɗauka wannan ma irinsa ne. Amma jinkirin biyan kuɗi daban, saɓanin takarda daban. Na farko ana iya sasanta shi a teburin tattaunawa. Na biyun ko shugaban jami'a ba shi da ikon gyara shi, don ba shi ya rubuta ba, sai alƙali.

Wata huɗu babu kati

Abin da ni kaina ban fahimta ba sai a wannan lamari shi ne, rayuwar ɗalibi a hannun hukumomi uku take, kuma ba ɗaki ɗaya suke zaune ba. Jami'a ce take rajista, ta ba da lamba da kati, ta shirya jarrabawa. Abinci, ɗakin kwana, mota da duba lafiya suna hannun hukumar da aka daɗe ana kira CNOU, yanzu CROU. Burs da tallafin da ake ba waɗanda ba su samu burs ba kuma na ANAB ne. Biyun ƙarshe duka shaidar rajista suke tambaya tukuna. Wanda ƙofar farko ta rufe masa, sauran ma a rufe suke, kuma kowace da nata wa'adin da ba ya jiran na wata.

Sai dai babu abin da ya nuna masa haka a fili. Anfin ƴan shekarar farko cike yake maƙil, babu mai kiran suna, babu mai tambayar kati a bakin ƙofa. Malami ya shigo, ya yi darasi, ya fita. Tikitin resto kuwa ƴan'uwa suna saya masa da nasu katin. Da aka raba ƙungiyoyin aikin gwaji bai ga sunansa ba, sai ya riƙa bin abokinsa yana tsayawa a bayansa yana kallo. Kullum in ya kwanta yana tuna ƴar takardar nan, kullum in gari ya waye sai ya ga jiya ta wuce lafiya.

Na tambaye shi daga baya, "Ɗana, gada ce kawai tsakaninmu. Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, Baba ya sayar da tunkiya biyu ya yi mini kuɗin mota da na rajista. In na ce sai na koma, wace zai sayar? Kuma na ji kunya a ce ɗan jami'a bai iya karanta takardarsa ba."

Wannan amsa ta fi komai tsaya mini a rai. Mu muka yi masa tarbiyyar da ta hana shi magana, kuma tarbiyya ce mai kyau a muhallinta: kada ka ɗora wa babba nauyi, kada ka yawaita ƙorafi, abin da ya dame ka ka haɗiye. A ƙauye wannan ba ya cutar da yaro, domin idanu suna kansa. Kafin ya buɗe baki gwaggo ta gane, ta gaya wa uwa. A lise ma direkta ya san shi, shi ya haɗa masa fayil ɗin bak, shi ya aika a kira uba in wani abu ya rage. Tun daga aji ɗaya har zuwa bak, bai taɓa riƙe takardarsa da hannunsa ya kai ta wani wuri a kan kansa ba. Rana ɗaya muka ɗauke shi muka ajiye a wurin da ɗalibai dubbai ne, inda sanarwa a jikin allo take, wanda ya karanta ya karanta. Mun shirya shi ga lissafi da kimiyya, ba mu shirya shi ga taga ba. Ba mu taɓa gaya masa cewa a can, in bai bi maganarsa da ƙafarsa ba, babu wanda zai zo nemansa.

Gyara

Washegari na ƙetara tare da shi. Kafin mu shiga ko'ina na tambaye shi ƴar takardar nan. Ya zaro ta daga cikin walat, ta yi laushi don ninki, amma hatimi da kwanan wata suna nan. Ita ta cece shi, domin ita kaɗai ce shaidar cewa ya zo a kan lokaci, ba wai bayan an rufe ya ɓullo ba.

Wakilin ɗaliban sashensu ya raka mu. A nan na ga amfanin ƙungiya a inda take da amfani: ya san wace ƙofa ake fara bugawa, ya san yadda ake tsara wasiƙar roƙo zuwa ga shugaban tsangaya, ya san me ake liƙawa a bayanta. Wanda ya karɓe mu a biro ya karanta, ya dubi yaron ya ce, "Ina ka shiga tun watan da aka ba ka wannan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, laifin namu ne, mu manyansa." Ya ce babu abin da za a iya yi sai takardu sun zama ɗaya, in sun zama, a kawo tare da wasiƙar, za a duba. Bai yi mana alkawari ba, bai kuma kore mu ba.

Muka hau motar Tawa. A gidan shari'a magatakarda ya bayyana mana cewa ba zaɓi za mu yi tsakanin takardu biyu kamar masu zaɓen riga ba. Mutum ɗaya ba ya da haihuwa biyu a rajista, dole a soke ɗaya da hukunci. Tunda birbe da bak a kan ta farko aka gina su, ita ya kamata a raya, a soke ta biyu, sannan a sake takardar ɗan ƙasa. To ina ta farkon, tunda gara ta cinye? Sai muka koma lisen da ya gama, aka tono kwafin da ke cikin fayil ɗinsa, muka samu lamba da shekara, da su aka nemo asalin a littafin rajista. Wannan kaɗai ya ci mana kwanaki.

Aka ce a zo da uba da shaidu. Na tafi ƙauye ɗauko su. Da dare ina zaune da yayata na ce, "Yaya, don Allah wane suna liman ya raɗa masa, yadda ya faɗe shi? Ina so in ji da kunnena kafin mu je gaban alƙali." Ta kau da kai ta ce, "Kai ma ka san ba ni faɗin sunan nan." Ta kira ƙanwarsa ta ce ta gaya mini. Mahaifinsa kuma har a gaban alƙali abin da ya maimaita shi ne, "Ranka shi daɗe, ni dai na san shekarar fara ce." Bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya, a duka takardun biyu.

Kafin hukunci ya fito, a sake takardar ɗan ƙasa, a buga wa kwafi hatimi, mako uku ya wuce. Zaman farko na jarrabawa an yi shi muna Tawa.

Abin da ya samu da abin da ya rasa

An karɓi roƙonsa, aka yi masa rajista, ya samu lamba da kati. A tsarin digiri na LMD da jami'ar take bi, lisans, wato digiri na farko, zango shida ne, kowane zango maki 30 na darussan da aka ci, jimla 180, kuma wanda bai ci darasi a zaman farko ba yana da zama na biyu. Sauran ɗalibai dama biyu suke da ita, shi ɗaya ta rage masa. Ya ci mafi yawan darussan zangon farko a zama na biyu, don karatun dai ya yi shi. Guda biyu masu aikin gwaji ne suka tsaya, saboda tsayuwar da ya yi a bayan abokinsa babu inda aka rubuta ta. Zango na biyu ya ci shi duka, ya wuce shekara ta biyu da bashin darussa biyun nan a wuyansa.

Burs na shekarar kuwa ya tafi. Wa'adin ajiye takardu ya wuce tun yana jiran a zauna a kan irinsu. Kuɗin da muka kashe a mota, tambura da zirga-zirga ya ninka abin da za a kashe da ya koma tun makon farko, kuma tunkiyar da ya ji tsoron a sayar, an sayar da ita.

In aka tambaye ni wa zan ɗora wa, ba zan ce direktan ƙauye ba, don shi ya sa yaron ya samu takarda tun farko. Ba zan ce uban ba, mutumin da ya ga alƙali ya zo har ƙofar gida ya ce bari in yi wa ƴaƴana gata. Babban yayan nan na ambasad ya yi kuskure, na kuma same shi na gaya masa cikin mutunci: duk maganar da ta shafi hatimi, ya daina cewa za a zauna, ya ce wa yaro ya koma taga ya tambaya, ya kuma kira gida a daren. Ya karɓa da kyau. Yayye suna da kunnen sababbin ɗalibai fiye da kowane allo, kuma da za su ware yini ɗaya a farkon shekara su jera takardun ƴan garinsu su karanta harafi-harafi, da sun yi aikin da ya kai na tikitin resto. Haka ma lise: a ajin ƙarshe, kafin yara su watse, a sa kowa ya kawo takardar da ke gida a gwada ta da wadda ke fayil. Amma mafi nauyi a kaina yake, ni da ire-irena, ƴan bokon dangi da ake miƙo wa ambulan da hannu biyu. Mutanenmu sun yarda cewa in takarda ta bi ta hannunmu ta tsira. Sannan wata huɗu yaro yana hayin kogi, in na kira shi sai in ce, "Ya karatu?" ya ce, "Lafiya lau, Kawu," in ajiye waya. Ban taɓa cewa ya kawo katinsa in gani ba.

Kafin in baro ƙauye a wancan zuwa, na sa aka fito da sabon akwatin, na zauna a zaure na jera takardun ƙannensa biyar, na aika aka karɓo kwafin da ke makarantunsu. Uku sun dace. Biyu suna da irin ciwon yayansu, ɗaya a suna, ɗaya a shekara. Ta mai sunan an gyara. Ta ƙanwar tasa da ta faɗa mini sunansa a daren nan tana gaban alƙali yanzu haka, ita kuma baɗi za ta zauna bak.